Babi na Biyar: Ɗan Gado da Ɗan Haye

Idan la'asar ta yi sanyi a unguwar Birni ta Zinder, inuwar katanga ta miƙe ta rufe rabin tsakar gida, lokacin ne gwaggona take jawo tabarma ta zauna, ƙwaryar ruwa a damanta, damin kaba a hagu. An ci tuwon rana an wanke kwanuka, dakan dare kuma bai matso ba. A wannan ɗan tsakanin take saƙar faifai. Na buɗe ido na iske ta tana yi, na girma na bar gida na dawo, ban ga ta fasa ba.

Sai ta fara jiƙa kabar, don busasshiya karyewa take yi. Ta sa farcen babban yatsa ta tsaga ta sili-sili, ta ware fara gefe, rinanniya gefe. Daga nan ta ɗauki 'yan siraran tsinkaye ta haɗa, ta naɗe su ta ƙulla cibiya. Cibiyar nan ita ce uwar aiki: in ta karkace, faifai ya karkace har baki. Sai ta huda da basilla, ta zura silin kaba, ta ja, ta sake hudawa. Babu takarda a gabanta, babu zane. Lissafin yana kanta: ja kaza, fari kaza, baƙi kaza, kuma duk zagayen da ta ƙara sai ta ƙara adadin, in ba haka ba adon ya murɗe. In ta ja da ƙarfi fiye da kima, faifan ya kumbure ya koma kamar akushi. In ta sassauta, ya yi laƙwas ba ya bakace. Tsakanin waɗannan biyu hannunta yake tafiya, tana hira, tana tsawata wa yara, ba ta ko duban abin da take yi.

Wata rana na tambaye ta, "Gwaggo, nawa za a sayi wannan a kasuwar Dole?"

Ta ce, "Ɗan nan, wannan ai ba na kasuwa ba ne. Na jeren ƙanwarka ne. Na kasuwa sauri ake yi masa. Wannan kuwa ko wata guda ya ci, ban damu ba."

Wannan amsa ita ce tushen babin nan. A Damagaram akwai aikin da hannu yake yi don ciki, akwai kuma wanda yake yi don zuciya, kuma sau da yawa hannu ɗaya ne yake yin su duka. A ƙasashen Turai sun raba biyun, sun ba aikin sha'awa suna nasa da shaguna nasa. Bahaushe bai raba ba. Abin da ya ce kawai shi ne, da zaman banza gara aikin kishiya. Malamin da ke ɗinkin hula a zaure bayan ya tashi ɗalibai, da tsohon da ke tufkar igiya a gindin bedi, da matar da ke saƙar kwarashi tana jiran tukunya ta nuna, duk ba su kiran abin da suke yi da wani suna na musamman. Amma a hannunsu ne kyawun aiki yake samun mafaka idan kasuwa ta matsa.

Garin da fata ta ɗaukaka

Sunan masarautar Damagaram ya fito ne daga Damagaram Takaya, garin da ke arewa maso gabas da Zinder, inda zuriyar sarautar ta zauna kafin ta kafa fada a Zinder a farkon ƙarni na 19. Da fari Damagaram tana ƙarƙashin inuwar Barno. Zamanin Sarki Tanimu, wanda ya riƙe mulki daga 1851 zuwa 1884, shi ne lokacin da ta tsaya da ƙafarta. Ya kewaye Birni da ganuwa, ya tara mayaƙa, maƙeransa suka riƙa zuba igwa a cikin gari. Wannan kaɗai ya isa ya nuna wa mai karatu irin hannayen da ke garin a lokacin.

Zinder ta zauna a kan hanyar ayari tsakanin Kano da Agadas, daga nan zuwa Gat da Gadamas har Tarabulus. Fatake suna sauka a Zango, unguwar da ke wajen ganuwa, inda attajirai irin su Malam Yaro suka yi gidaje. Cikin kayan da raƙuma suke ɗauka zuwa arewa akwai gashin jimina da hauren giwa da jemammiyar fata. Fatar akuyar ƙasar Hausa, musamman jar akuyar da ake dangantawa da Maraɗi da Sakkwato, ta kai har Turai, inda aka yi bangon littattafai da safar hannu da ita. Da yake ta tashoshin arewacin Afirka take isa can, sai Turawa suka laƙaba mata suna fatar Maroko. Aikin namu ne, sunan na wani.

Kamar a sauran masarautun ƙasar Hausa, kowace sana'a tana da shugabanta da fada ta sani: na maƙera, na dukawa, na marina, na magina. Sana'a gado ce. Ɗan baduku yana tashi da ƙamshin fata a hancinsa, ɗan majemi kuma da ruwan bagaruwa a ƙafarsa. Wanda ya shigo sana'ar da ba ta gidansu ba, ana ce masa ɗan haye, wasu su ce shigege, kuma kalmar ba yabo ba ce.

Faransawa sun ci Zinder a 1899 bayan yaƙin Tirmini, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. Garin ya zama hedikwatar mulkinsu daga 1911 zuwa 1926, sannan aka mai da ita Yamai. A daidai wannan lokaci jirgin ƙasa ya iso Kano, kaya suka juya suka fuskanci teku, hanyar Sahara ta mutu. Ayari ya daina zuwa, amma majema da dukawa ba su tashi ba. Sun juya ga abin da gari yake bukata: kayan doki na hawan salla, gafakar Alƙur'ani, laya, kube, alabe, zabira, takalmi da matashi.

A majema

Wanda bai taɓa zuwa majema ba bai san abin da ke bayan jakar da ya rataya ba. Warin wurin ne yake fara yi maka maraba. Ɗanyar fata ana jiƙa ta ta yi laushi, a tsoma ta cikin ruwan toka har gashin ya saki. Majemi ya shimfiɗa ta a kan gungume ya sa kartaji ya kankare gashi da ragowar nama. Daga nan a sake jiƙa ta cikin haɗin da ke kashe kaifin tokar. Wasu suna amfani da ganyen fataka, wasu kashin tantabara ko na kaji. Sai babban aiki: a daka 'ya'yan bagaruwa, a zuba cikin ruwa, a tsoma fatar ana juyawa ana matsawa har maganin ya ratsa ta ciki da waje. Bagaruwa ita ce take mai da abin da zai ruɓe cikin kwana biyu ya zama abin da zai yi shekaru. In ta fito, a wanke, a shafa mai, a shanya, a yi ta ja ana murzawa har ta yi taushi kamar ƙyalle.

Launi ma daga ƙasa yake fitowa. Ja daga karan dafi ne, wato irin dawar da ake shukawa don jan ɓawon karanta kawai. Baƙi daga kuloko, wanda ake haɗawa da kashin maƙera. Rawaya daga saiwa, kore kuma daga garin tagulla. Yau galurar kanti ta shigo, ta fi sauƙi ta fi haske, amma tsofaffin dukawa suna gane jan karan dafi tun daga nesa, don shi tsufa ƙara masa kyau yake yi.

Duk wannan aikin ruwa yake ci, kuma kowa ya san Damagaram da ƙishirwa. Garin yana zaune a kan duwatsu, kuma matsalar ruwa ta daɗe tana bin sa. Majemin da ya sayi ruwa a garwa don ya jeme fata, ba zai iya sayar da ita da araha ba. Mai ciniki da ke taya jaka rabin kuɗinta, da ya ga wannan wahala da idonsa, da ya ji nauyin bakinsa.

Mushe ya zama almajiri

Na san wani dattijo a Zango wanda ya yi shekara talatin da 'yan kai yana koyarwa a lakwal, shi ya sa ake ce masa Mushe. Ba ɗan dukawa ba ne. Mahaifinsa malami ne, kakansa ma haka. Da ya yi ritaya, sai zaman majalisa ya gundure shi. Wata safiya ya ɗauki tsohuwar gafakar mahaifinsa, wadda ɗinkinta ya warware, ya kai wa wani baduku da ke maƙwabtaka da shi. Ya zauna yana kallo ana gyarawa. Washegari ya dawo ba tare da wani abin gyara ba. Rana ta uku ya ce, "Maigida, in ba za ka ƙi ba, ina so in koya."

Badukun ya girme shi da kaɗan. Ya dube shi ya ce, "Mushe, hannun alli ne da kai. Za ka iya zaman?"

Ya ce zai iya. Watanni na fari ba a ba shi ko wuƙa ba. Aikinsa shi ne dama abin manni, da miƙa basilla, da kallo. Da aka ba shi wuƙa, yankan siririn zaren fata aka sa shi, irin wanda ake ɗinki da shi, ana bin gefen fata ana zagayawa ba tare da ya tsinke ba. Ya ce mini ya fi sati uku kafin ya fitar da zaren da maigidan bai jefar ba.

Aikin farko da ya sa a gaba shi ne gafaka sabuwa ga jikansa da ke shirin saukar Alƙur'ani. Ya sayi jar fata mai kyau da kuɗin fanshonsa, ya auna da magwajin lakwal, ya zana da fensir, ya yanka. Da ya kai wa badukun, sai ya ɗaga fatar ya ja ta hagu da dama ya ce, "Mushe, fata ba takarda ba ce. Nan da ka yanka ciki ne, yana miƙewa. Marfi daga gadon baya ake fitar da shi. Akuyar nan ta yi rayuwa kafin ta zo hannunka. Sai ka tambaye ta ina ne ƙarfinta." Fatar ta tafi a layu da ƙananan alabe. Ya sake sayen wata.

Gafakar ta ɗauke shi wata biyu. Ya yanke ado a kan jar fata ya shimfiɗa kore a ƙarƙashi, koren yana leƙowa ta ramukan. Ya kitsa maratayi, ya yi tuntaye. Ranar walima, yaron ya rataya ta, dattawa suna ta tambaya wane baduku ne ya yi. Ya ce a duk shekarun da ya yi yana koyarwa, bai taɓa jin abin da ya ji a wannan rana ba.

Yanzu rayuwarsa ta tsaru a kan aikin. Bayan asuba ya yi karatu, ya karya kumallo. Da hantsi, lokacin da haske yake da kyau ga idon dattijo, ya fito zaure ya shimfiɗa buzu, ya jera wuƙa da dutsen wasa wuƙa da basilla da almakashi da ɗan katakon da yake yanka a kai. Rediyo yana gefe. Azahar ta tashe shi. Ranar Alhamis, ranar babbar kasuwa, ya tafi neman fata, ya ɗaga ta sama ya duba a hasken rana ko akwai huji ko tabon ƙaya. Lokacin hunturu fata tana bushewa ta yi tauri, sai ya ƙara mai. Da damina kuwa ya kiyaye ta daga fumfuna. Ba ya karɓar aikin da aka sa wa rana. Wanda ya matsa ya ba shi kuɗi, yakan karɓi na fata ya bar na hannu.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne maganar badukun. 'Ya'yansa maza, in ji shi, ɗaya yana kabu-kabu, ɗaya ya tafi Libiya, ƙaramin yana jami'a. Akwai wata irin kitsar maratayi da ya gada wurin mahaifinsa, wadda ya daina yi don ba ta biyan wahalarta a kasuwa. Babu wanda ya nemi ya koya sai wannan ɗan haye. Ya ce, "Da Mushe bai zo ba, da da ni za a binne ta."

Makarantar kara

Hannu ba ya fara koyo da tsufa sai nadiran. A Damagaram makarantar farko ita ce kara. Da an yi girbi, karan dawa da na gero suka cika gari, sai yara su duƙufa. A ɓare bayan karan a fitar da tsinkaye, a yanka totuwar, a soka wannan cikin wancan, sai ga mota, ga tabarau, ga kejin tsuntsu, ga jirgin sama. Wanda ya ƙware ya wuce ga gwangwani da waya da tsohon silifa, ya yi mota mai sitiyari da yake tuƙawa a tsaye. Babu malami, babba ne yake nuna wa ƙarami.

Zinder ta ɗaukaka wannan wasa har ya zama biki. Wasan Kara da aka san garin da shi, inda matasa suke kwaikwayon sarakuna da shugabanni da muƙarrabansu, sunansa ma daga karan ya fito, don da shi ake haɗa dawaki da bindigogi da sauran kayan wasan. Yaron da ya iya auna totuwa biyu su zo daidai don motarsa ta tsaya, ya riga ya fara koyon abin da magini da tela da makaniki suke rayuwa da shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Uban da ya ƙwace karan ya ce shirme ne, ya san abin da ya ƙwace kuwa?

Abin da ya sauya

Ba sai an faɗa wa kowa ba cewa roba ta ci kasuwa. Faranti na roba ya kori faifai, tabarmar leda ta kori ta kaba, jarka ta kori tulu, duk da cewa har yau ruwan randar Mirya ya fi na kowace jarka sanyi da daɗi, kuma kasuwar Lahadi ta garin ba ta rasa tukwane. Takalmin gwanjo da jakar waje sun cika Dole. Fata mai kyau kuma ɗanya ake kwashe ta a kai waje, baduku ya tsaya yana taya ragowa. Kabar ma ba kamar da ba: Gulbin Kaba da ke jihar Maraɗi daga yawan kabarsa ya sami suna, amma gonaki da yawan yanka sun rage goruba a wurare da dama.

Akwai lokacin da baƙi masu yawon buɗe ido suke ratsa Zinder a kan hanyarsu ta Agadas, suna sayen jaka da matashi a cibiyar masu sana'ar hannu ta gari. Tawayen da ya ɓarke a arewacin Nijar a 2007, da sace-sacen Turawa da suka biyo baya, sun yanke wannan ƙafa. Baje kolin SAFEM da ake yi a Yamai don aikin hannun mata yana taimakawa, amma kasuwar 'yan kwanaki ba ta ciyar da gida shekara guda.

Wasu sun riga mu shiga wannan hali. A Ingila, lokacin da injuna suka cika kasuwa da kaya masu araha a ƙarni na 19, wani mai zane kuma marubuci, William Morris, wanda ya rasu a 1896, ya tashi da abokansa suna kira a komo ga aikin hannu. Ba su ture masana'antu ba, ba kuma za su iya ba. Amma sun sa mutane sun sake ganin ƙimar abin da hannu ya yi, har waɗanda ba sana'arsu ba ce suka riƙa koyon saƙa da sassaƙa a lokacin hutunsu. Su sai da sana'o'insu suka kusa mutuwa suka farga. Mu namu malaman suna raye, suna zaune a zaurukan Birni da Zango.

Kuma akwai abin da ke ba da ƙwarin guiwa. 'Yan mata da yawa a yau, ciki har da ɗaliban Jami'ar André Salifou, suna koyon saƙar kwarashi da aikin duwatsun ado da haɗa jaka da turaren wuta ta wayar hannu. Su kalli bidiyo a YouTube, su gwada, su warware, su sake, in ya yi kyau su ɗora hoton a WhatsApp ƙawaye su saya. Waɗannan ma 'yan haye ne. Abin da ya rage shi ne a haɗa su da tsofaffin. Yarinyar da ta iya bin bayanin wata mata daga wata nahiya, za ta iya zama gaban kakarta ta koyi ƙulla cibiyar faifai. Da tsohuwar zuma ake magani.

Kira ga mai karatu

Ɗan gado yana da ilimi, amma ciki yana kora shi, dole ya yi abin da zai sayu yau. Ɗan haye mai yi don sha'awa ba shi da zurfin ilimin, amma yana da abin da ya fi tsada a wannan zamani, wato lokaci da haƙuri. In suka zauna a buzu ɗaya, sana'a ta tsira. Saboda haka kalmar haye ta daina zama gori.

Gwaggona ta rasu. Faifan da ta saƙa yana nan rataye a ɗakin ƙanwata, jansa ya ɗan dushe, amma ko sili ɗaya bai warware ba, kuma 'yarta ta fara tambaya yadda ake yi.

Kai mai karatu, ko ma'aikaci ne kai ko ɗalibi ko ɗan kasuwa, duba unguwarku. Akwai tsoho ko tsohuwa da ke riƙe da wani aiki wanda babu mai tambayarsu. Je ka gaishe su, ka zauna, ka ce kana so ka koya. In ba ka da hannun yi, to ka sayi nasu, kuma kada ka taya shi tayin wulaƙanci. In ka ga ɗanka da kara da reza a lokacin kaka, ka zauna kusa da shi ka riƙe masa ɗaya gefen. Sana'ar da aka bari a ƙirjin mutum ɗaya, ranar da aka ɗauke shi zuwa makwanci, tare suke tafiya.